Makullin Fijon Malam Habibou

Mukhtari, autanmu, shi ya kawo maganar, kuma don rashin ta-ido muna tsakiyar cin abinci ya kawo ta. Wai Baba ya kai saba'in da huɗu, lokaci ya yi da zai ajiye tuƙi. Na san da gaskiya a ciki, amma wallahi sai da na ji kamar in kwaɗa masa ludayi. Mijina ya yi shekara ashirin yana jan mota tsakanin Damagaram da Agadas, ya zo New York ya ƙara talatin yana tasi. Shi za ka ce wa ya kawo makulli?

Malam bai yi faɗa ba. Ya ce ran Asabar akwai gasar tsofaffin motoci, zai shiga da Fijonsa 504. In ya fito cikin goman farko, a ƙyale shi. In bai fito ba, da hannunsa zai miƙa makullin.

Gasar ba ta gudu ba ce. Takarda ake ba ka: nan ka yi mil talatin a awa, bayan gada ka yi hagu. Masu agogo suna laɓe a hanya. Ka iso da wuri laifi, ka makara laifi, kowace daƙiƙa sai an rubuta maka ita. Dole kuma sai da mai karanta takardar a gefen direba. Ni ce na samu wannan aikin, ni da tabarau da agogo a wuya.

Da sassafe muka bar unguwarmu Morris Heights muka yi arewa, inda aka taru. Motoci talatin da takwas. Mai shirya gasar ya ja kunne: wanda motarsa ta lalace ya jira, akwai motar gyara tana biye, kada kowa ya tsaya.

Kai, Malam ya iya tuƙi! Zango uku muka yi ƙafarsa ba ta yi gardama da agogona ba.

"Rage kaɗan, Malam, mun yi gaba da daƙiƙa biyu."

"To, Hajiya Zalika, shugabar direbobi."

"Ka yi ta tsiya, dama dai za ka yi bayan cocin nan."

A zango na huɗu muka hango wata 'yar koriyar mota a gefen hanya, tururi na tashi daga gabanta. Wani tsohon Bature da matarsa suna tsaye sun yi cirko-cirko. Sai na ji Fijo tana rage gudu.

"Malam, kar ka soma! An ce akwai motar gyara."

"Yaushe za ta iso? Ki dubi matar nan cikin rana."

"Makullinka fa, bawan Allah!"

"A hanyar Agadas, direban da ya wuce mota a tsaye ba a ƙara gaisawa da shi a tasha." Yana faɗa yana jan birki.

Raina ya ɓaci, har na jefar da takardar a ƙasa. Shi ko ya fito da jarkar ruwa da guntuwar robar taya daga bayan mota, ya naɗe hannun riga. Tiyon lagireto ne ya tsage. Ya ɗaure shi tamau, ya jira injin ya huce, ya zuba ruwa. Matar ta yi ta godiya, ni ina kallon agogo kamar mai jiran tukunya ta tafasa. Minti goma sha tara cif.

Na talatin da ɗaya muka zo.

A filin da aka ƙare, ya kashe mota, ya zare makullin ya sa mini a tafin hannu.

"Ki ba yaron."

"Ba zan ba shi ba. Cewa zan yi ni na ɓatar da mu, na karanta hagu a dama."

Ya shafa sitiyari.

"Zalika, tun safe idanuna ba su iya karanta allon hanya ko ɗaya ba. Muryarki kawai nake bi."

Nan na fashe da kuka, a gaban mutane, ban damu ba. Tausayinsa ya kama ni, da haushin kaina da ban taɓa lura ba.

Mukhtari ya zo a jirgin ƙasa ya same mu wajen la'asar. Da ya ga makullin a hannuna duk ya rikice, ya kasa haɗa ido da ubansa. Malam ya buɗe mini ƙofar baya, ya zagaya ya shigo ya zauna kusa da ni. Shekara arba'in da ɗaya da aure, ban taɓa zama da shi a kujerar baya ba.

Na miƙa wa yaron makullin, ya tayar da mota ta yi tsalle ta mutu. Malam ya damƙe hannuna.

"A hankali, ɗana," in ji shi. "Saki kulocin a hankali, ba ta son gaggawa."