Takardar da Ta Ƙi Gaba

Saura rabin awa a rufe ƙofar iyaka, tafiretata ta tsiro da iskanci. Aikina ke nan a Illela, cike wa mutane takardu a ƙarƙashin rumfa, kuma shekara tara ba ta taɓa yi mini haka ba. Da na murza robar da ke jan takarda don in sauka layi na gaba, sai takardar ta zame ta koma sama.

Ta Malam Maharazu ce, dattijon da ke zaune a gabana, ta izinin shigo da ragunansa daga Ƙonni. Tun hantsi suke cikin mota a rana, ɗaya har ya mutu. Fom ɗin kuma guda aka ba shi, in na ɓata, shi ke nan.

Na goge robar da bakin rigata, na sake murzawa, ta koma. Na buga, harafi ya hau kan sunansa. Gumi ya keto mini. Na kai wa tafiretar mari, na miƙe in leƙa bayanta.

Sai ga yatsun dattijon cikin hannun riga, sun damƙe gindin takardar.

"Haba Baba! Ashe kai ka jan ta!"

Bai saki ba. Ya ce, "Wadda nis sakam ma wani akawu bara, da ita shanuna shida sunka tahi."

Na haɗiye sauran faɗan, na matso masa da kujera.

"To riƙe, Baba. Amma in na ja, ka biyo ni."