Lambun Gindin Rijiya

…ai ta faɗa masa. Ta faɗa, ta maimaita. Ko'ina ya ga dama ya haƙa, ya rushe zaure in yana so, ya kwaye rufin ɗakinta ta kwana a fili, amma ban da lambun gindin rijiya. Ban da nan. Kunne ne ba shi da shi?

Larai tana durƙushe cikin ramin harsashin ginin da ɗanta Munzali ya haƙa, tana tona ƙasa da yatsu. Ga reshe. Ga wani, an sare shi gida biyu, saiwa a sama. 'Ya'yan duk kore — kore shar, masu tauri kamar dutse. Kwana kaɗan ya rage su nuna. Kwana kaɗan! Ɗanyen tumatir ba ya ba da iri, ko mahaukaci ya san wannan…

Daddawa kawai ta je saya kasuwar Bosso. Daddawa da gishiri. Ta dawo ta tarar da tulin bulo da buhunan siminti a ƙofar gida, shi kuma yana tsakiyar lambun, babu riga, diga na tashi yana sauka.

"Ɗakunan haya zan yi, Inna. Ɗalibai sun cika Bosso, ba su da wurin kwana. Tumatir kuwa ga shi can jibge a kasuwa."

A kasuwa! Wancan mai santsi, mai ruwa tsalala, wanda ba ya ƙamshin komai? Ya taɓa ganin irin wannan a kasuwa? Mai tsaga-tsaga, mai faɗi kamar tafin hannu, mai tsamin da ƙwaya biyu ke tayar da tukunyar miya… irin uwarta Azumi, wanda ita ma ta karɓa daga tata uwar, can ƙauyensu na bayan Kuta. Ina ƙauyen yake yanzu? Ƙarƙashin ruwan dam. Kifi na yawo a kan kabarin babanta. Ranar da aka tashe su, manyan motoci sun jeru, ana jefa tukwane suna fashewa, wani mai hular kwano yana daka tsawa — ku yi sauri, ku yi sauri — Azumi kuma ba ta ɗauki tabarma ba, ba ta ɗauki ƙwarya ba, tsumman nan kaɗai ta ciro daga saman murhu, wanda ta matse tumatir a kai ta barbaɗa toka. Ta ɗaure shi a bakin zaninta. Ba ta ga wata damina ba bayan nan.

Bara kuma gara ta shiga tsumman. Ɗan abin da ya tsira shi ne wannan. Shi ke nan. Babu wani a duniya, babu.

Kuma dariya yake yi. Da bai yi dariyar ba… Guda ɗaya ne ya fara ja, wanda take zagayawa kowace safiya kamar mai jinya, ya ɗora masa takalmi ko kallo bai yi ba. Fus! Ta ji shi a cikinta.

Fartanya — yaushe ta shiga hannunta? A jingine take da bakin rijiya. Sai ga ta a sama. Kafaɗa ta nufa, wallahi kafaɗa, ya ba ta baya, tana so ya ji zafi ne, ya ji abin da ta ji… Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Kai yaron nan, kai wannan, haka ya girma. Yau ta kira shi. Da dukan ƙarfinta.

"Munzali!"

Ya waiwayo. Mamaki ne a fuskarsa, har da wani abu kamar murna. Shi ya sa ƙarfen ya same shi a gefen kai.

Ƙwas. Kamar an fasa kabewa.

Ai shi ya jawo. Shi ya jawo! Wa ya aike shi? In ya tashi ma sai ta ƙara masa, sai ta farfasa bulon nan ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ta watsa masa simintin a rijiya… Astagfirullah. Astagfirullah. In ya tashi. Ƙafarsa ta hagu tana ta harbawa, tana tono ƙasa. Idonsa a buɗe, ba ya kallon kowa. Jini ya bi kunne, ya bi wuya — da yawa haka? Mutum ɗaya?

Rhoda maƙwabciyarta ce ta ture darni ta shigo da ihu, ta yage zaninta ta ɗaure masa kai. Mijinta Kambai ya kawo akori-kurarsa har bakin zaure, suka kinkime shi, hannunsa ɗaya na jan ƙasa.

"Maman Munzali, taso mu tafi asibiti! Taso mana!"

"Ku je, ina zuwa."

Ina zuwa. Ga inuwar katanga har ta haye rijiya. An kira la'asar ko ba a kira ba?

Yana jariri, yana rarrafe, a nan ɗin, daidai nan, ya cafki nunanne ya gatsa, ya yamutsa fuska, ruwan na bin haɓarsa, ya sake gatsawa… Tun da aka sallame su daga aiki yake zaune a zaure kamar buhu. Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu. Ba ya cin tuwo sai an matsa. Jiya ne — jiya? — ya tsaya a kanta tana ban ruwa, ya ce, "Inna, ni ma ina so in ga na tayar da wani abu da hannuna." Me ta ce masa? Matsa, ka tare mini rana.

To sai ya tayar a kan uwarta? A kan Azumi? A'a. A'a!

Yatsunta sun taɓo laushi. Ga shi. Wanda ya taka. Fatar ta dare, cikin ya cakuɗe da laka, amma ga su nan, 'yan ƙwayoyi masu yauƙi… Jan nan na tumatir ne ko na — kar ta duba. Ta tsince su da farce, a hankali, ta tara a tafin hannun hagu, ta dunƙule. Ya nuna sosai kuwa? Allah ka sa ya nuna. Allah ka sa ya tsiro. Allah ka raya shi, ko guda ɗaya ne, Allah ka raya —

Ƙarar mota a ƙofar gida. An kashe inji. Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Takun mutum ɗaya ne a zaure, kuma ba sauri yake yi ba. Mai kawo albishir haka yake tafiya? Mai kawo ɗayan fa?

Allah ka raya shi… Tun ɗazu take faɗa. Bakinta bai huta ba tun da motar ta tashi. Wa take nufi? Ko sau ɗaya — ko sau ɗaya ta nufi yaron?

"Maman Munzali…" Muryar Rhoda ce, ƙasa-ƙasa, daga bakin zaure.

Ta yunƙura. Ramin ya fi yadda ta zata zurfi, sai ta dafa bakinsa da hannu biyu kafin ta fita. Hannu biyu. Tana kallon na hagun, a dunƙule, laka na ɗiga ta tsakanin yatsu. Buɗe. Buɗe mana…

Ya ƙi buɗewa.