Haƙorin Makka da Masu Sa Ido

Ni Khadijatu, duk unguwar Hindawiyya an san ni da baki. Tun ina yarinya mahaifiyata take cewa ko a barci ba na yin shiru. Amma rana ɗaya tak da magana ta za ta yi amfani, ranar ce aka cusa mini auduga a baki.

Shekarar 2001 ce, bayan aikin hajji. A Jidda aka haife ni, ina da iƙamata, takardar izinin zama, lafiya lau, amma ban taɓa sa haƙorin Makka ba. Sai na ga mutane suna zuwa su yi wata guda su koma gida baki na walƙiya. Na ce kai, ni da nake 'yar gari ba za a bar ni a baya ba. Na nufi wurin Malam Badaru.

Badaru ba likita ba ne. Umra ya zo daga Katsina, ya maƙale, ya koyi sa haƙori a wani ɗaki cikin lungu, a kan tsohuwar kujerar aski. Matarsa ta rasu ta bar masa Zubaidatu, 'yar ƙarama, Hausarta rabi Larabci. Shi ba takarda, ita ba takarda. Kowa ya san idan aka kama shi, tarhil ne, a jefa shi jirgi sai Najeriya, yarinya kuma ba ta da kowa. Shi ya sa duk unguwar babu wanda ya kai shi iya tsallake katanga. Sai dai yana da doka ɗaya: in ya sa gam ya danna haƙori, ba ya ɗaga yatsa sai ya kama, ko gobara ake yi. Ya ce haƙorin da ya karkace, har kabari mai shi zai je yana tsine masa.

A lokacin ana yaƙin basasa a wata ƙasa can bakin teku a yammacin Afirka. 'Yan tawaye na haƙo lu'ulu'u suna musayarsa da bindigogi. Manyan duniya suka sa takunkumi: kada a sayi dutsensu, kada a sayar musu da makami. Suka kafa kwamitin masu sa ido, aka ba su jaka da tikitin jirgi, aka ce su bi sawu.

Sawun ya kawo su Jidda, ya sauke su a falon Alhaji Na'ibi na unguwar Waziriyya. Wannan bawan Allah kamfanin aika kaya gare shi, kuma duk wata sai ya tura jirgi ƙasar nan da ake yaƙi, wai dabino ne sadaka. Dabinon da sai ƙarti huɗu sun yi nishi kafin su ɗaga akwati ɗaya! Ko akuyar unguwa ta san abin da ke ciki. Ya yanka musu rago, ya cika su da shinkafa, sannan ya rage murya ya ce ai a bakin alhazai ake fitar da lu'ulu'un, a cikin haƙori. Ya ce don Allah shi zai raka su, shi zai yi musu tafinta.

Ina kishingiɗe, baki a wangale, auduga ta ko'ina, Badaru ya danna haƙorin ke nan, sai muka ji an ƙwala ihu a waje: "Kamu! Kamu!" Wata farar mota ce ta shigo lungu. Kafin ka ce me, mai waina ta bar tanda a wuta, tela ya bar keke yana juyi shi kaɗai. Badaru bai ɗaga yatsa daga haƙorina ba. Na ture hannunsa alamar ya gudu. Ya ce, "Hajiya, bai kama ba."

Suka shigo: wani Bature da rana ta dafa masa wuya, wata mata mai tabarau da ke jin Larabci, Alhaji Na'ibi yana ta ƙamshin turare, sai askari ɗaya, ɗan sandan Saudiyya, da aka haɗa su da shi don girmamawa, yana hamma. Matar ta gaya wa askarin cewa Baturen, shugabansu, ya ce yadda unguwa ta watse nan take shaida ce ta babbar ƙungiya mai tsari. Tirƙashi! Mutanen da ko motar kwasar shara suka gani sai sun gudu.

Suka ga gwangwanin 'yan duwatsun da Badaru ke liƙa wa mata a haƙori don ado. Bature ya ciro wani gilashi ya manna a ido, ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ya haska mini tocila har maƙogwaro. Ni kuwa na zare ido, ina nuna Na'ibi da hannu biyu ina gurnani, ina so in ce ga ɓarawonku nan a bayanku, ku je ku buɗe dabino.

"Me take cewa?" in ji mai tabarau.

"Godiya take muku," in ji Na'ibi. "Matanmu akwai kunya."

Wallahi na so in haɗiye audugar nan in mutu.

Duwatsun dai kwalba ce, irin wadda ake sayarwa a kasuwar Balad. Bature ya ba da haƙuri, ya yi musabaha da hannun Badaru na hagu tunda na dama yana bakina, har aka ɗauki hoto. Sun juya za su fita, na fara hamdala a zuci. Sai askarin nan, don kada a ce ya zo a banza, ya waiwayo ya ce, "Iƙama, ya Hajji?"

Badaru ya dubi mai tabarau. Ta yi magana da Bature, ta dawo ta ce suna baƙin ciki ƙwarai, amma su lu'ulu'u da makamai kawai aka aiko su dubawa.

"Yalla, mu tafi," in ji askari.

Badaru ya ce a ɗan yi masa haƙuri. Ya tsaya yatsa a bakina har gam ya kama. Ya girgiza haƙorin ya ji daram, ya zare audugar a hankali. Bai ambaci sunan 'yarsa ba, don kada a je a ɗauko ta ita ma a kulle. Cewa ya yi, "Hajiya, kada ki tauna abu mai tauri yau. Sauran kuma kin sani."

Bakina ya buɗe bayan mota ta tashi. Na bi lungu ina zagi da Hausa da Larabci, babu mai ji sai keken tela.

Daga baya aka faɗa a rediyo wai sakamakon ziyarar kwamiti an kori wani mutum daga Jidda, kuma takunkumi yana aiki. Alhaji Na'ibi ya ƙara jirgi na biyu, saboda mutanen can sun ji daɗin dabinon.

Zubaidatu na wurina tun daga ranar. Ba ta yi kuka sosai ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sai dai in mun zauna cin abinci ta matso ta ce, "Khala, iftahi, buɗe baki." In buɗe. Ta sa yatsa ta danna haƙorin, ta daɗe ba ta ɗaga ba, sannan ta ce, "Na Baba ne. Ya kama."