Gudiya a Cikin Kayan Gado

An baje kayan Goggo Hadiza a tsakar gida tun hantsi: tasoshin tagulla, ƙorai masu zane, zannuwan saƙi, buzun sallarta, da littattafanta a cikin gafaka. Akuyarta na ɗaure a turke tana kuka. Ina tsaye bakin ɗaki lokacin da Ɗahiru, ɗan wan Goggo kuma magajinta, ya nuna mini wani fili tsakanin tasoshi da akuyar.

"Ke Gudiya, zamna nan. Malamai na tahe rabon gado."

Na tambaye shi me ya haɗa ni da wurin. Bai ko dube ni ba, ya ce duk abin da Goggo ta mallaka sai an ƙidaya shi, ni ma a ciki nake.

Ban zauna ba. Shekara goma sha shida na yi a gidan nan na Jega. A bayan Goggo na girma, a tabarmarta na koyi baƙi da wasali, na sauke Alƙur'ani a gabanta, har ya zama idan ƙirjinta ya tashi ni nake biya wa matan unguwa karatu. Ba ta taɓa haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ta kira ni da wani suna ba sai ɗiyata. Kullum tana cewa in kaka ta yi za ta fara haɗa mini kayan ɗaki. Annobar zazzaɓi da tari da ta share gari a shekarar nan ta riga kakar zuwa, ta tafi da Goggo.

* * *

Tabawa ce ta ja ni zuwa madafa. Tsohuwar baiwar gidan ce, tun zamanin mahaifin Goggo take daka a turmin nan. Ta ce ta san ni ba baiwa ba ce. Uwata baƙuwa ce da ta biyo ayarin fataken goro, ta rasu a masaukin Malam Kalilu, Goggo ta ɗauko ni ina jaririya, a shekarar da Nasara suka ci Sakkwato. Ba a ba kowa ko wuri ɗaya na kuɗi ba a kaina.

Na ce to shi ke nan, sai in tafi wurin alƙali. Ko da baiwa ce ta haife ni, na ji daga matar magatakardan alƙali cewa dokar Nasara ta hana bautar da duk wanda aka haifa a shekarun nan.

Tabawa ta riƙe hannuna da ƙarfi.

"Ɗiyata, ki yi kurum. Baiwa na da ɗaki, tana da akushi. In tai ciwo, dole ubangijinta ya nemo magani. Ke in anka ce ba baiwa ba ce, ɗiyar wa kike?"

"Ɗiyar Goggo."

"Goggo na ƙasa."

Na zare hannuna. Na ce bakin da ya karanta littattafan da ke cikin gafakar can ba zai amsa sunan baiwa don tuwo ba. Sai ta ce Kalilu ya tsufa, ya koma ƙauyen Gehuru wurin 'ya'yansa.

* * *

Da ƙafa na je Gehuru. Na same shi a gindin bango yana shan hantsi, idonsa ɗaya ya mutu. Na roƙe shi ya zo ya yi mini shaida gaban alƙali, da farko ya ƙi. Ya ce Ɗahiru babban mai goro ne, shi kuma jikokinsa a rumfar Ɗahiru suke dako. Na zauna a ƙofar gidansa ban ci ba ban sha ba, har matansa suka fara yi masa surutu. Washegari ya sa aka ɗaura masa jaki.

A gaban alƙali ya dafa Alƙur'ani. Ya ce shi ya sa aka yi wa uwata sutura, shi ya miƙa ni ga Hadiza ban ko iya zama ba, kuma babu ciniki a ciki. Wani tsohon liman ya ƙara da cewa ya halarci jana'izar. Alƙali ya ce Gudiya ba dukiyar kowa ba ce, a cire ta daga gado.

Na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Har na ɗaga ido na dubi Ɗahiru, don ya ga fuskata. Sai na ga yana murmushi.

"Allah shi gafarta Malam," in ji shi, "tunda ba baiwa ba ce, ba kuma jininmu ba ce, akwai wani haƙƙi nata bisa kaina?"

Alƙali ya tambaya ko marigayiya ta bar wasiyya. Ba ta bari ba. Ya ce to wadda aka riƙa ba ta gado, ciyar da ita kuma bai wajaba a kan magada ba, sai dai tausayi. Na tambaye shi ina zan kwana. Ya ce wannan ba shari'a ba ce, ya kira masu ƙara na gaba.

Kafin la'asar an fito mini da zanena biyu da allona. Na roƙi littafi ɗaya daga gafakar, Ɗahiru ya ce an riga an yi musu kuɗi.

* * *

Na bi gidajen matan da na koya wa karatu. Duk sun yi kuka, duk sun ba ni fura. Amma kowacce sai ta ce maigida ba zai yarda budurwa marar waliyyi ta zauna masa a gida ba. Wata ta rage murya ta ce in gwada gidan Magajiya da ke bayan kasuwa, inda mata masu zaman kansu suke, can ba a tambayar asali. Magajiyar ma da kanta ta aiko, ta ce akwai ɗaki da katanga mai kyau. Na mayar mata da goron da ta haɗo da shi.

Na bi masu jakuna zuwa Aliero, na shiga aikin ban ruwa a fadamar albasa. Daga rijiya zuwa kunyar albasa, daga kunyar zuwa rijiya, har tafin hannuna ya tsage ya daina jin zafi. A bukkar da ake shanya albasa nake kwana. Sauran mata suna kirana Malama don tsokana, ina amsawa, domin gaskiya ne. Mai gonar ya taɓa zuwa bukkar ya tsaya yana tambayar lafiyata fiye da kima. Na ɗauko lauje na ɗora a cinya, na ci gaba da tilawa da ƙarfi har ya gaji ya tafi. Da zazzaɓi ya kama ni, babu wanda ya leƙo, ni na rarrafa na ɗebo wa kaina ruwa. Na tuna maganar Tabawa a ranar, ban kuma yi nadama ba. Ina so a rubuta wannan.

* * *

Da aka cire albasa na ƙulla kaɗan a zane na tafi Jega gaishe da Tabawa. Na kai ƙofar gidan da na yi rarrafe a cikinsa, ƙafata ta wuce zaure da kanta, sai na tsaya na yi sallama.

Tabawa ta fito tana dogara sanda. Ta ƙara ƙiba kaɗan. Ta shafa fuskata, ta juya tafin hannuna ta duba.

"To, Malama, an ƙoshi da 'yancin?"

"Ban ƙoshi ba, Inna. Amma nawa ne."

Ta yi dariya har da tari, ta ce taurin kaina ko na jakin Kalilu bai kai shi ba. Sannan ta kira a kawo wa baƙuwa ruwa.

Wata yarinya ce ta kawo, ba ta fi shekara shida ba, kitsonta sabo, da munduwa a hannu. Ban santa ba. Tabawa ta raɗa mini cewa marainiya ce daga Maiyama, annobar ta kwashe iyayenta, matar Ɗahiru ta karɓo ta riƙo. A ɗakin Goggo take kwana.

Yarinyar ta durƙusa ta miƙo mini ƙwarya da hannu biyu. Na tambaye ta ɗiyar wa ce.

"Ɗiyar gidan ga ce ni," ta ce, tana mamakin tambayar.

Na dubi Tabawa. Tabawa ta dubi ƙasa. Na shanye ruwan, na miƙa wa yarinyar ƙwaryar, ta ruga da ita cikin gida tana tsalle da ƙafa ɗaya.