Ɗankwalin Tsuntsaye

Kowa a dangi ya san Yaya da tara tsofaffin siliki. Ɗaki guda ta ware musu a gidanta, dirowa a kan dirowa, kowane ɗankwali a shimfiɗe tsakanin farar takarda, labule kullum a sake don kada rana ta ci launi. Da ta shafa gefen ɗankwali za ta gaya maka ko da hannu aka naɗe bakinsa ko da keke. Ta san zanen da aka buga da hatimin katako, ta san na inji.

Abu ɗaya ne ya gagare ta. Akwai wata tsohuwar masana'anta da ta daɗe da rufewa, wadda ta taɓa buga ɗankwali mai tsuntsaye masu jajayen baki a kan shuɗi mai duhu, kaɗan aka yi aka daina. Yaya ta yi shekaru tana cigiyarsa, hotonsa kawai ta taɓa gani.

Wata ranar hutu ta je gidan ƙanwarta, Auta, ta same ta a kicin tana wanke tukwane, kumfa har gwiwar hannu. A kanta kuwa ga tsuntsayen nan, an ƙulle su ta ƙeya kamar tsumma.

Yaya ta tsaya a bakin ƙofa, ta zuba wa ɗankwalin ido.

"Yaya, lafiya? Kin ga aljani ne?"

"Ina kika samo wannan?"

Auta ta kai jiƙaƙƙen hannu ta taɓa kanta. Yaya ta ji kamar ita aka watsa wa ruwan.

"Wannan? Surukata ce ta ba ni. Yana da santsi, sai zamewa yake yi."

Yaya ta gyara murya. "Ai ya tsufa. Kawo in rage miki kaya, gobe in aiko miki da sababbi masu kama kai."

Auta ta kashe famfo ta juyo tana kallonta. Tun suna yara ta san wannan muryar, da ita Yaya take karɓe mata 'yartsana.

"Ke da ko tsinke ba kya bayarwa a banza? Faɗa min gaskiya."

Dole ta faɗa. Tana bayani tana jin haushin bakinta, amma ta kasa tsayawa: yadda ake buga kowane launi daban, a jira ya bushe kafin na gaba, yadda jan bakin tsuntsun ya ɗan zarce layinsa saboda hannun mutum ne ya danna. Auta ta goge hannu, ta kwance ɗankwalin a hankali, ta ɗaga shi wajen taga.

"Kai! Ashe kyakkyawa ne haka."

"Ki sayar min."

"Kyautar suruka? So kike a kore ni?" Ta yi dariya. "Zo mu je ki tambaye ta ko akwai saura."

Tsohuwar tana ɗakinta na baya tana jin rediyo. Ta ce marigayi mijinta direban masana'antar ne, idan aka sami wanda ya ɗan ɓaci a bugu sai a ba ma'aikata. Ta sa aka jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe, Yaya ta leƙa ciki. Gyale mai ganyen inabi, riga mai jiragen ruwa, wani ɗankwalin mai dawakai, duk a cukurkuɗe da ƙwayoyin maganin asu.

"Mama, zan kula da su kamar 'ya'yana," in ji Yaya.

"Allah sarki, 'yata, na gode," in ji tsohuwar. Ta tura akwatin gaban Auta. "Ai na wannan ne. Ita ke yanke min farce."

A mota Yaya ta yi kuka, kuma ta ji kunyar kukan. Da ta isa gida ta buɗe dirowoyinta ɗaya bayan ɗaya, duk suka yi mata kama da kayan kowa.

Ta ɗauka abin zai tsaya nan. Sai ga waya daga Auta: da wane sabulu ake wanke siliki? Bayan kwana biyu: yaya ake gane na jabu? Yaya tana amsawa a gajarce, wani lokaci ta bar wayar ta yi ta ringi. Mijinta ya ce, "Da kina kukan ba mai sauraronki, yanzu kin sami ɗaliba kina fushi." Ba ta kula shi ba har washegari.

Akwai wani mai gwanjo a bayan tashar mota da ya saba ajiye mata duk silikin da ya faɗo cikin dila. Kwanaki suka wuce bai kira ba, ta shirya da sassafe ta tafi da kanta. Tun daga kan kwana ta hango motar Auta a ƙofar shagon.

A ciki Auta na durƙushe a gaban sabuwar dila, ta tara wasu a cinya, tana murza gefen wani gyale da yatsa, daidai yadda aka koya mata.

"Yaya! Zo ki duba min wannan, na hannu ne ko?"

Yaya ta karɓa ta duba. Na hannu ne, mai kyau kuwa. Ta miƙa mata, ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga, ta durƙusa a ɗaya gefen dilar ta fara tono da sauri.