Babu Iri a Takardar

…kuma wai in zaɓi uku. Uku kawai, in ji mutumin nan mai tabarau da aka turo daga ofishin ƙaramar hukuma. Tsaro, hanya, lantarki, asibiti, makaranta, aikin yi ga matasa. Ya karanta mana su har sau biyu, a hankali, kamar mai biya wa yara allo. Wai sabuwar gwamnati tana son ta ji daga bakin talaka abin da za ta fara da shi. To ta ji mana. Baba, kai kana ji? Shekara tara kana kwance a makwancinka, ka huta, ba ka ga ranar da za a tara manoma a ajin firamare da hantsi, washegarin ruwan shuka, a ce su zauna a bencin yara su yi tunani ba.

Washegarin ruwan shuka fa. Jiya da la'asar ya sauko, na fita cikinsa ba ko hula, na tona ƙasa da hannu — laima ta wuce tsawon tafina. Yau duk mai iri yana gona. Mu da ke cikin ajin nan, dube mu… babu mai kallon idon wani. Duk waɗanda Kamilu ya rubuta sunansu ne. An ce motar gwamnati ta iso, muka taso da gudu, kowa da buhu a hammata. Ni nawa har wanke shi Larai matata ta yi. Motar kuwa ta iso, ga ta can a gindin darbejiya. Takarda ta kawo.

Kamilu… wakilin jam'iyya, ɗan gidan maƙeran da ke bayanmu, wanda na goya a wuyana ranar da aka yi masa kaciya. Ga shi can tsaye bakin ƙofa da sabuwar shadda, yana danne-dannen waya don kada mu haɗa ido. A zaurena ya zauna kafin zaɓe, ya tanƙwashe ƙafa, littafi a cinya. "Baba Nababa, ranar da aka rantsar da mu, iri da taki ne farko. Irin zamani, kwana saba'in ya nuna. Ga sunanka nan, kai ne na huɗu." Na huɗu. Na leƙa har na ga inda ya ja layi. Ni da ban iya boko ba, me na leƙa? Me na gani?

An rantsar da su. Na ji a rediyo, da ganguna da bindigar ban girma. Kwana goma sha tara ke nan. Kullum rediyon nan sai ta ce an kafa kwamiti. Kwamitin duba wancan, kwamitin nazarin wannan, kwamitin da zai duba aikin kwamiti. Hadari yana haɗuwa a gabas suna kafa kwamiti…

Tsaro. Wa ya ce ba ya son tsaro? Hanya — ramin da ke hanyar Makoda ya girmi Sakinatu 'yata, ya jira shekara ashirin, zai ƙara jiran mako guda ba abin da zai same shi. Asibiti, ai da fitilar waya aka karɓi haihuwar da yarinyar nan ta yi, ni ne na riƙe ƙofa. Duk gaskiya ne, duk muna so. Amma a cikin mutanen da suka zauna a ɗaki mai sanyi suka tsara takardar nan, ashe babu ko ɗaya da uwarsa ta taɓa gaya masa cewa akwai abin da ake yi yau ko a bar shi sai baɗi? Makaranta za ta jira. Lantarki mun saba jiransa, har mun manta muna jira. Laima kwana biyu ce, Baba. In rana ta yi irin ta yau ma ba za ta kai ba.

Na ɗaga hannu. Kamar ɗan aji ɗaya, da furfurata.

"Ranka ya daɗe, ina iri?"

Mai tabarau ya duba takardar, ya juya bayanta, ya sake juyowa. Ba mugu ba ne, ana gani a fuskarsa, shi ma aiko shi aka yi. "Baba, wannan yana ƙarƙashin harkar noma. Za a kafa masa kwamiti na musamman, in sha Allahu kafin ƙarshen shekara. Amma akwai layin sauransu a ƙasa, bari in rubuta maka a nan."

Sauransu. Abin da ƙasar nan kaf za ta ci, sauransu. Kafin ƙarshen shekara — wato da kaka, lokacin da mutane ke ɗaure dami, sai a kawo mini iri in shuka a ina? A kan kaina? Ya miƙo tawada in dangwala. Babban yatsan nan dai, shi ne na dangwala musu a watan zaɓe, na tsaya a layi tun safe har azahar da azumin nafila a bakina. A'a. Ka riƙe tawadarka. Na tashi, bencin ya yi ƙara, buhun ya faɗi ƙasa, ban sunkuya ba. Kamilu ya matsa ya ba ni hanya, yana cewa wani abu ƙasa-ƙasa… haƙuri ne ko menene. Ya ba uwarsa.

Rana ta ɗaga. Dubi saman ƙasa, har ya fara fari a kan tudu. Ƙafata tana tafiya ban ce mata ga inda za ta ba.

Baba, ba gwamnati kaɗai… a'a, bari. Gwamnati ce. Su ne suka ce. Da ba su ce ba —

Damin irin nan. Kana tuna yadda kake yi? Kafin a sa lauje a gona sai ka bi kunya-kunya kai kaɗai, hannu a baya, kana zaɓen zangarniya. Mai tsawo, mai cikar ido, wadda tsuntsu bai taɓa ba. Ka ɗaure ka rataye a rufin madafa inda hayaƙi zai riƙa bugunta, ƙwaro ba ya kusanta. Shekarar babban fari ina ɗan shekara bakwai, tafasa muka ci da dusa, Inna tana kuka tana dafawa, dami yana rataye a saman kanmu muna kallonsa. Na hau turmi na murzo 'yan ƙwayoyi na watsa a baki. Dukan da ka yi mini ranar har yau in na tuna bayana sai ya amsa. Ba ka ce komai ba sai, "Wannan ba namu ba ne, na gona ne." Daga kakanka ya zo, ka ce. Geron da ya san ƙasar nan, ya san ruwanmu da ƙarancinsa. Da ka rasu aka raba gona biyu, aka dasa gamba a tsakiya, aka raba damin biyu, rabi ni rabi Sama'ilu ƙanena. Shekara takwas ina zaɓa ina ratayewa yadda ka koya mini. Takwas, ban yi fashi ba.

Sai bazarar bana. Rumbu ya yi wayam tun kafin azumi. Akuya ta tafi, keke ya tafi. Ga Sakinatu ta dawo gida wankan jego, haihuwar fari, nono ya ƙi zuwa, jaririn yana tsotsa yana sakewa yana ihu, har muryarsa ta dishe ta koma kamar ta ɗan kyanwa. Mai jego kunun kanwa take sha, kowa ya sani. Kunun kanwa da gero ake yi. Gero kuwa a gidan nan sai wanda ke rataye.

Larai ta ƙi. Wallahi ta ƙi, kada ka ga laifinta. "Malam, iri ne fa." Ta faɗa sau biyu, hannunta a ƙirji. Ni ne na hau turmin — turmin nan dai, Baba — na kwanto shi da hannuna na dire mata a gaba. "Sussuke shi. An rubuta sunana, ni ne na huɗu." Ta juya mini baya tana sussuka, kafaɗunta suna rawa, ni kuwa na fita zaure ina jin kaina wani mai wayo, mutumin da ya san inda zamani ya dosa.

Nono ya zo. Yaron ya yi kumatu. To sai me? In ce na yi nadama? In sake komawa ranar… ban sani ba. Ban sani ba. Da na rage ko rabi. Ko zangarniya goma. Ai goma ma da sun fitar da ni kunya. Me ya sa ban rage ba? Saboda layin da wani yaro ya ja a littafi.

Kasuwa? Sai Lahadi Ɗanbatta za ta ci, yau Laraba. Kafin Lahadi ƙasar nan ta koma garwashi. Kuma in je da me? Kuma geron kasuwa, haɗe-haɗe, na gabas da na kudu, tsoho da sabo, ka shuka rabi ya ƙi fita rabi ya tsaya yana ganye har ruwa ya ɗauke.

Ga gonaki nan, ko'ina mutane a sunkuye. A nan ba a ɓuya. Gona na jikin gona, ba tazarar da za ka shimfiɗa tabarma. Nan da kwana biyar duk filin nan zai yi kore, sai tawa a tsakiya, ja, kamar tabon ƙuna. Duk mai wucewa zuwa masallaci zai gani. Gonar Nababa ce, wanda ya yi wa gwamnati kamfe. Takin da na kwashe rani ina jidowa da jakin aro, ciyawa za ta ci. Kuma in kaka ta zo rumbu ba komai, Alhajin nan mai buga bulo da ke ta aiko mini gaisuwa daga Ungogo zai zo da kansa, ya cire takalmi, ya yi ladabi. Shi ba ya kafa kwamiti, ya san abin da zai fara da shi. Gonarka, Baba. A yanka ta fuloti-fuloti.

Sannunku… sannu da aiki… yawwa. Kada ku tambaye ni. Ku ci gaba da saranku.

Mutum ɗaya ne a duniya yake da irin nan yanzu. Na sani tun jiya da ruwan ya fara sauka. Sama'ilu. Wata huɗu ba mu yi magana ba sai sallamar masallaci. A ƙofar masallacin ma aka yi ta, bayan Juma'a, da ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ka zaɓi wanda ka ga dama, amma kome suka ce maka kada ka taɓa iri." A hankali ya faɗa, ni na ɗaga murya. Na kira shi ɗan baƙin ciki a gaban liman, a gaban surukinsa. Na ce ranar da motar ta zo kada in ga hannunsa a miƙe. Ni na faɗa. Mutane suka yi dariya, na ji daɗin dariyar.

Motar ta zo.

Allah ya isa tsakanina da — da wa? Da mai tabarau? Da Kamilu, wanda shi ma wani ya ja masa layi a wani littafin? Da waɗanda ke can sama, da ba su san akwai wani Nababa ba balle su cuce shi da gangan? Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Da mugunta ce da na san inda zan kai kuka. Mantawa suka yi. Ƙasa guda ta manoma, aka zauna lissafa abin da za a fara, aka manta damina tana da lokaci.

Ga gambar. Ƙafata ta kawo ni. Nan tawa, can tasa.

Shi kaɗai ne. 'Ya'yansa duk sun tafi ci-rani ba su dawo ba. Aikin mutum biyu yake yi, ya bi kunya da sungumi yana sara, ya ajiye, ya dawo ya ɗauki ƙwarya yana zubawa yana rufewa da diddige. Ya tsufa fa. Yaushe Sama'ilu ya yi furfura a ƙeya? Dā ni ke gaba da sungumi shi yana biye, har ya riƙa taka mini dunduniya don ya tsokane ni…

Ya gan ni. Na san ya gan ni, ya ƙi ɗagowa. Saura masa kunya shida, ko bakwai. In ya kai ƙarshe ya kife ƙwaryar nan, shi ke nan, irin kakanka ya shige ƙasa gaba ɗaya a wancan gefen gamba, ni ba ni da rabo sai baɗi, in akwai gonar a baɗi.

Tsaya. Me yake yi? Yatsa uku ake ɗiba, kowa a gidanmu da yatsa uku yake shuka. Shi biyu yake sawa. Ga shi — ya tsoma, ya ɗago, biyu. Ya sake… biyu. Ƙwaryar nan ya kamata a ce ta kusa ƙarewa, ga ta har yanzu da nauyi a hannunsa. Tun safe haka yake yi? Yana rage wa gonarsa don ya bar mini? Ko idona ne, ko rana ce ta buge ni… Kada ka yi mini haka, Sama'ilu. Ka zage ni mana. Ka ɗago ka ce ina motar, ka rama a gaban mutanen nan, in samu wanda zan yi wa faɗa. Tun safe nake ɗauke da wutar nan, in ka ƙwace mini ita da me zan tsaya?

Ya rage sauri. Saura biyar.

Sallama ce kawai. Na yi wa mai tabarau magana a gaban jama'a, na yi wa gwamnati kaf a cikin raina, ƙanena ne ba zan iya ba? Taku uku ne tsakaninmu. Ƙasa tana bushewa a ƙarƙashin ƙafata, ina jin ta… Baba, ga ni a bakin gamba. Na buɗe baki.

Ya tsaya a tsakiyar kunya, bai juyo ba. Yana jira.