Jinin Yaya Hashim

Rukayya ma'aikaciya ce a wani ɗakin gwaje-gwaje a Abuja, inda ake shirin gwada allurar rigakafin zazzaɓin dengi. Kullum da sassafe take barin Suleja a motar haya. A gida ba wanda ya damu da sanin aikinta, ita ma kanta a littafi ta san ciwon, ba ta taɓa ganin mai shi kwance ba.

Ran wata Asabar matar wanta, Sakinatu, ta kira ta cikin murna.

"Rukayya, yayanki ya samu sauƙi! Jikin ya yi sanyi tun safe."

Kwana huɗu ke nan wan nata, Hashim, yana fama da zazzaɓi. An yi masa allurar maleriya a kemis, bai ji komai ba. Rukayya ta sayi lemo ta hau keke zuwa Iku don ta gaishe shi.

Ta tarar da shi kan tabarma, ya dunƙule yana riƙe da ciki. Ta taɓa hannunsa, sanyi ƙalau, ga gumi.

"Yaya, sannu. Ina ne ke ciwo?"

"Ƙasusuwa," ya ce da ƙyar. "Kamar ana kakkarya ni. Da bayan idanu."

Da ya buɗe baki ta ga jini a dasashinsa. Ledar lemon ta suɓuce mata. Ta janye hannun rigarsa, sai ga jajayen ɗigo-ɗigo har gwiwar hannu.

"Anti, wane magani yake sha?"

Sakinatu ta miƙo mata asfirin. Rukayya ta karɓa ta duba. Maganin da ke ƙara tsinka jini ne, ga shi ya kusa shanye katin.

"Innalillahi! Ɗauko mayafinki, a kira mota yanzu."

"Ke, ba ki ga zazzaɓin ya sauka ba?"

"Saukarsa ce abin tsoron, Anti. Don Allah yi sauri."

A asibiti aka ɗaura masa ruwa. Rukayya ta kira shugabarsu ta wurin aiki, Dakta Chidinma. Kafin la'asar matar ta iso da kayan gwaji a jaka, suka tsaya da likitan da ke duba shi suna jiran sakamako.

"Dengi ne," in ji Dakta Chidinma. Ta sake duba abin gwajin. "Kuma da alama ya taɓa yi a baya. Shi ya sa ya yi masa wannan kamun. Na biyun ya fi haɗari."

"Ya taɓa yi? A ina? Dakta, mutumin nan iyakarsa Lambata, can yake kai kaya!"

"To, a nan ya same shi. Mece ce sana'arsa?"

"Tsofaffin tayoyi yake sayarwa."

Washegari Rukayya da Dakta Chidinma suka je shagonsa. Damina ce, kowace taya ta tara ruwa, 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. Suna tsaye da rana tsaka wani baƙin sauro mai ɗigon fari a ƙafafu ya sauka a hannun Rukayya. Ta san shi sarai, shi ke yaɗa dengi, irinsa suke kiwo a keji a wurin aiki. Ta kasa ko kai masa duka.

Hashim ya yi mako guda a gado, har sai da aka ƙara masa jini. Ya tashi a rame. Ran da aka sallame shi ya dube ta.

"Allurar taku fa? A yi wa yarana."

"Ba ta kai nan ba tukuna, Yaya. Sai an fara sanin mutum nawa suka taɓa yi."

Shi da kansa ya tara masu tayoyi da maƙwabta suka ba da jini don a gwada. Wasu suka nuna tsoro, sai Rukayya ta naɗe hannun rigarta, aka fara ɗibar nata a gabansu.

Bayan sati biyu Dakta Chidinma ta kira ta ofis, ta rufe ƙofa.

"Mutanen unguwar da yawa sun taɓa yi. Rukayya, ke ma kina ciki."

Rukayya ta lalubi kujera ta zauna. Ta shiga tuno zazzaɓin da ta yi bara, da na bayan aurenta, da wanda ya hana ta jarrabawa. Duk maganin maleriya ta sha, ta warke, ta manta.

"Wanne ne daga ciki, Dakta?"

"Jini ba ya faɗin wannan."